Wa Bai Zo Ba Yau?

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Isufu, kuma har yau idan aka ambace shi a unguwarmu ta Bani Malik a Jidda sai an samu mai cewa, "Wane Isufun? Bayahude?" Su a wurinsu laƙabi ne kawai. Ni kuwa ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, duk sanda na ji sai raina ya ɓaci. Shi ya sa bana na ce sai na rubuta yadda ya samo sunan.

Kafin ya zo Jidda, Yaya ya yi shekaru a Kasablanka ta Maroko. Daga Damagaram ya tafi neman aiki, Allah ya haɗa shi da gadin wani zauren taro na Yahudawan garin, jikin wurin ibadarsu. Shi ke shara, shi ke jera kujeru, ranar Asabar kuma shi ke kunna musu wuta ya kashe, tunda addininsu ya hana su taɓa ta a ranar. Sallarsa bai taɓa wasa da ita ba, su da kansu suka ware masa lungun da zai shimfiɗa darduma. Yakan ba mu labarin tsofaffinsu masu wuni kan karta da shayi, da ranar da yaransu ke shigar ban dariya ana kai kayan zaƙi gida-gida, da rumfar ganyen dabino da yake taya su kafawa duk shekara, su yi mako suna cin abinci a ƙarƙashinta. Mu dai mu yi ta dariya muna cewa Yaya ya ga duniya.

Amma abu guda ne ya zauna masa a rai. Duk daren Asabar, in sun idar da ibada, wani dattijo yakan tsaya a bakin ƙofa. Duk wanda ya gani shi kaɗai, baƙo ne ko gwauro ko tsohon da 'ya'yansa suka yi nisa, sai ya haɗa shi da wani magidanci a tafi da shi gida. Ba a barin kowa ya ci abincin wannan dare shi ɗaya.

Da ya dawo Jidda ya samu gadin wani sito a Khumra, can gefen gari, sai ya ga zaman da 'yan'uwanmu ke yi: iyali na can Nijar ko Chadi, mutum daga aiki sai barci, mai iƙama, wato takardar zama, da marar ita kowa na ɗari-ɗari da kowa. Sai ya fara shigowa Bani Malik sallar Juma'a. Ana sallamewa ya je ya kafe a bakin ƙofa, ya kamo hannun wani lebura ya danƙa wa mai iyali: "Yalla, Alhaji, ga baƙonka." Da gidana aka fara, kuma na yi mita son raina, don ba a yi shawara da tukunyata ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ke dai dafa. Abincin hujja ce kawai. Abin da ake so, ranar da mutum bai zo ba, a samu mai cewa ina wane."

Kuma abin ya yi aiki. Da haka aka ceto wani ɗan dako na tashar jiragen ruwa da zazzaɓi ya kayar a ɗaki. Matar gidan da yake ci ce ta ga kwanonsa a rufe har la'asar, ta tasa mijinta gaba sai da ya je ya dubo shi.

Ranar wani taron suna komai ya lalace. Alhaji Mamman, mai shagon abaya da ke ganin shi ne uban Hausawan unguwa, ya yabi Yaya a gaban jama'a, ya tambaye shi wajen wane malami ya ɗauko wannan. Da wani ne, da ya ambaci wani malamin Damagaram a wuce wurin. Yaya bai iya irin wannan ba. Ya faɗi gaskiya tiryan-tiryan, har da kwatancen dattijon bakin ƙofa, yana murmushi.

Ba wanda ya yi masa faɗa, da ma faɗan aka yi. Juma'a ta gaba wannan ya ce matarsa ba lafiya, wancan ya ce kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, na nemansa, wani ya sulale ta ƙofar baya. Aka ce ya shigo mana da al'adar Yahudu masallaci. Har wata ta tare ni tana tambaya ko da gaske ne ba ya kunna wuta ranar Asabar. Liman ya faɗa musu ciyar da baƙo namu ne tun fil azal, suka ce sun ji. Ƙarshe Alhaji Mamman ya ce masa, "Halas, Malam Isufu, ka daina tare mana ƙofa." Ya daina, gidana kaɗai ya rage masa.

Shekarar da na tafi Damagaram jinyar mahaifiyarmu, mijina kuma yana hanya da tirela, sai wayar Yaya ta daina shiga. Na kira mutanen Bani Malik ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce in sha Allahu zai leƙa. Khumra ta yi musu nisa. Juma'a ta zo ta wuce, wani ya cike gurbinsa a sahu. Wani ɗan Bangaladash mai gadin siton maƙwabta ne ya ɓalle ƙofar ɗakin, da wari ya ishe shi. Ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Na san yanzu ba lokacin da ake son jin kalmar Bayahude ba ne. Ni ma ina kallon labarai, ni ma ina kuka. Da Yaya na nan, na san zai ce dattijon da ke tsaron ƙofa don kada wani ya ci abinci shi kaɗai bai jefa wa kowa bam ba, kuma da ya sake shan wani sabon suna a kan haka.

Me ya rage nasa? Laƙabin nan, da ɗan dakon da yanzu yake da 'ya'ya, yake sa shi a addu'a. Sai kuma abin da na gani bara. Ƙungiyarmu ta Hausawan unguwa ta dawo da abincin Juma'a, an buga ƙyalle da sunan Alhaji Mamman, ana miƙa shinkafa a roba ana ɗaukar hoto. Ba mai shiga gidan kowa, kowa ya karɓa ya kama gabansa. Na matsa kusa da mai rabon, na tambaye shi wa bai zo ba yau. Ya leƙa kwalayen, ya ce, "Alhamdu lillahi, Hajiya, an raba duka, ba abin da ya rage."

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ko tambayar ba su gane ba.