Ƙwai Mai Suna

Har yau idan na ga rinannen ƙwai sai raina ya ɓaci, kuma ba laifin ƙwan ba ne. Shekarata goma sha biyu lokacin, muna haya a wani bene mai hawa uku a unguwar Ƙuba ta Madina, bayan tsofaffin gonakin dabino. Mu ne a can sama, ƙofarmu tana kallon ta wasu Misirawa. Mai gidan, wata Hajiya Balarabiya, tana ƙasa da 'ya'yanta mata huɗu. Inna mai lalle ce. A Madina aka haife ta, babanta ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Kano, kuma duk amaryar da za a yi a layinmu sai ta miƙa wa Inna hannu da ƙafa. Ko alif ba ta sani ba, amma in ta zana miki reshe a tafin hannu sai ki yi sati kina gudun wanke-wanke.

Matar Bamisiren ce ta jawo mana. Mijinta malamin makaranta ne, ita kuwa kullum tana ɗakinmu, yau aron tukunya, gobe kukan kewar gida. Wata Lahadi ta shigo da kwandon ƙwai, ta ce gobe Litinin a ƙasarsu ake Shammun Nasim, bikin shigowar bazara, yara su rina ƙwai a ci da ɗanyar albasa. A nan ba a yi, malamai ma ba sa so, amma 'ya'yanta sun hana ta sakat.

"Ya Khala," in ji ta, wato gwaggo da Larabci, "hannunki ya fi na kowa. Ki taimake ni."

Inna ba ta iya cewa a'a ba, shi ne ciwonta. Muka ɗora tukwane uku. Ta ɓawon albasa ta ba da ja mai duhu, ta kurkum ta ba da rawaya. Ta ukun muka zuba zoɓo muna jiran ja wur, sai ga ƙwai ya fito toka-toka kamar an tono shi daga murhu, muka yi ta dariya har Inna tana share hawaye. Fararen da suka rage ta ɗauko tsinke da kwaɓaɓɓen lalle ta bi su da zane, ganye da ɗigo-ɗigo, irin wanda take yi wa amare a yatsu. Sai Bamisiriyar ta ce a garinsu kowane yaro ana rubuta masa sunansa a ƙwansa. Ni da nake ji da rubutuna a makaranta na karɓi tsinken, na rubuta na 'ya'yanta uku, ina wani karkata kai.

A nan ya kamata a tsaya. To amma a gidanmu ba a ɗora tukunya ƙamshi ya sauka ƙasa kwano bai bi shi ba. Inna ta zaɓi huɗu mafi kyau, ta ce in rubuta sunayen 'yan matan Hajiya, har da babbar, wadda Inna ta yi wa lallen aure wata biyu da suka wuce. Na rubuta, na jera a faranti, na kai da hannuna. Autar ce ta karɓa, Hajiya ba ta nan.

Ranar Alhamis babbar ta dawo gida da akwatinta, ta yi yaji. Kowa a benen ya san tun satin farko ita da mijin suke kai ruwa rana. Amma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Hajiya ta hauro da mata uku na layin, riƙe da ƙwan babbar a cikin tsumma, ta miƙe hannu nesa da jikinta.

"Wannan mene ne, ya Takruniya?"

Haka suke kiranmu idan suna so su tuna mana launinmu. Shekara goma sha ɗaya matar nan tana ce wa Inna 'yar'uwa, suna musayar kwano, Inna ce ta yi jinyarta da ta karye a ƙafa. Ranar ta manta da duk wannan. Wai ƙwai, da zane, da sunan 'yarta, daga hannun baƙar mace, me ya rage? Sihiri ne aka yi don a raba auren.

Inna ta yi bayani a hankali, da Larabcinta da ya fi na Hajiyar tsabta. Da ta ga ba sa ji sai ta taka ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke gabanmu. Bamisiriyar ta buɗe kaɗan, iya fuskarta, ta kalli matan, ta kalli ƙwan.

"Wallahi ban san komai ba," ta ce. "Mu ba ma irin wannan."

Ta rufe. Na rantse da Allah ɓawon ƙwai masu launi suna cikin kwandon shararta a lokacin, da idona na gan su da safe. Da na girma na gane tsoro ne, kada a ce gidan malami ana bikin da aka hana, a ƙi sabunta wa mijinta iƙama, takardar zama a ƙasar. Na gane, amma ban yafe ba, kuma kada wanda ya ce in yafe. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke matar da ta wuni tsugune tana faranta wa 'ya'yanta.

Na buɗe baki zan ce ni na rubuta, Inna ta damƙe mini dantse har farcenta ya shiga. Ta karɓi tsumman daga hannun Hajiya, ta fasa ƙwan a jikin bango, ta ɓare. Kwana biyar da dafawa, a zafin Madina, a ƙunshe. Warin ya cika matattakala. Ta yi bismilla ta cinye shi tas a gabansu, tana kallon Hajiya ido cikin ido.

Hajiya ta ja mayafi ta toshe hanci. "Ai mai abu abinsa ba ya cinsa," ta ce, suka juya suka sauka.

Inna ta yi ta amai har la'asar. Ina riƙe mata kai ina kuka ina masifa, na ce me ya sa ta hana ni magana, kowa ya san ba ta iya rubutu ba. Ta kurkure baki ta ce, "Ni na yi aurena na gama. Ke in aka ce hannunki ne ya rubuta, wa zai tako ƙofar nan neman ki? Ki rufe mini baki."

Bayan kwana goma babbar 'yar Hajiya ta koma ɗakinta, suka shirya da mijin. Na zaci za a hauro a ba Inna haƙuri. Ina! Cewa aka yi tun da ta cinye ƙwan asirin ya karye, ga shaida kowa ya gani. Ka ji zalunci, in ta ƙi ci mai sihiri ce, da ta ci kuma ta tabbata. Amaren layi suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka riga aka sa wa rana ta aiko wai ta fasa lalle, sai ga ta ranar biki hannu ja har gwiwa. Baba ya ce mu tashi mu koma unguwar Aziziya, Inna ta ce ko kusa, tashi amsa laifi ne, a nan za ta zauna har su ji kunya. Ba su ji ba. Bamisiriyar kuwa in mun haɗu a matattakala sai ta sunkuyar da kai tana laluben makulli a jaka.

Bayan shekara aka sa auren 'yar Hajiya ta biyu. Ranar lalle Inna ta tashi tun da safe ta tankaɗe garin da ta fi ji da shi, ta kwaɓa da lemon tsami, ta rufe da farin ƙyalle, ta yi wanka ta sa kayan fita. Na ce, "Inna, ba fa za su kira ki ba." Ta ce yarinyar a gabanta ta yi wayo, ba za ta yarda wata ta taɓa mata hannu ba. Ta zauna kusa da ƙofa, duk takun da ta ji a matattakala sai ta gyara mayafi. Wajen azahar muka ji guɗa daga ƙasa, an kawo wata mai lalle a mota. Inna ba ta gusa daga bakin ƙofa ba. Ta zauna a wurin har aka kira la'asar, sannan ta ɗaga ƙyallen ta taɓa lallen da yatsa, ya yi ɓawo a sama. Ta miƙo mini kwanon, ta ce in zubar ta bayan gida, kada in bi ta ƙofar Hajiya su gani.