Jar Motar da Yaya Hadiza Ta Bari

Jiya na ga abin da ban taɓa gani ba: yayata Hadiza tana ƙyalƙyala dariya a bayan sitiyari. Ungozoma ce a Maradun, kullum daga Talata Mafara take zuwa aiki. Na raka ta wurin wani dillali ta gwada ƙananan motoci biyu, ja da fara.

Jar nan, ana taɓa totur sai ta zabura. Har kwanar Bakura muka kai, Yaya tana ta "Kai, Bashiru, ji daɗi!"

Farar kuwa sanyi gare ta. Amma Yaya ta bari injin ya yi zafi, ta kashe, ta tayar, ta sake kashewa. Duk bugu ɗaya take tashi. Jar sai da aka lallashe ta kafin ta tashi.

Ta ce farar za ta ɗauka.

Na ce, "Haba Yaya, jar fa kike so!"

Ta ce, "Wallahi ina son ta. Amma hanyar Maradun ba wurin buɗe bonet ba ne, kuma mai naƙuda ba ta jiran makanike."

Sannan ta roƙi dillalin ya bar ta ta ƙara zagaye ɗaya da jar, na bankwana.

Ni dai da na ɗauki jar. Ku fa, ku faɗi gaskiya?