Sunan da Ban Kira Ba

Ranar Litinin ce. Na yi sallar asuba, na hura wuta, na dama kunun tsamiya. Jikata Fatsuma ce take rubuta wannan, ni ban yi boko ba. In na yi shiru ta san kuka ne, sai ta jira ni.

Da ƙarfe bakwai ɗana ya zo gaishe ni. Shi ne ɗan farina, dillalin shanu kamar marigayi ubansa. Ya durƙusa a bakin ƙofa, na amsa ina kallon murhu. Haka muka gada. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zura masa ido. Shekara arba'in da uku "kai" nake ce masa. Ya sha kununsa a tsaye ya fita.

Wajen ƙarfe goma na ji ƙara ta farko. Ƙasa ta girgiza, kwanukana suka zubo. Aka yi tsit. Sai bindiga, kamar ana watsa tsakuwa a kan rufin kwano. Wani ya bi ta lungunmu yana ihu: "Ku fita! 'Yan bindiga sun shigo unguwar Bolewa!"

Matar ɗana Hadiza kwananta tara da haihuwa. Ta goya jaririyar, ni na ja hannun Fatsuma, lokacin tana ƙarama. Muka bi ta bayan gida. Takalmi ɗaya ne a ƙafata. A bakin titi wani mai kaki ya daka mana tsawa: "Ku kwanta!" Muka kwanta cikin kwata. "Ku tashi! Kada ku waiga!" Ba mu waiga ba.

Azahar ta same mu cikin gonakin dawa. Da la'asar sakaliya muka isa Danchuwa, gidan iyayen Hadiza. Duk wanda ya iso daga garinmu Potiskum sai in kafa masa ido. Ban iya tambaya ba. Hadiza ce take bin su tana cewa ko sun ga Baban Fatsuma.

Washegari da hantsi wani direban motar shanu ya kawo labari. An harbi ɗana a ƙirji. An kai shi asibitin gari, daga nan aka wuce da shi Kano. Hadiza tana jego, don haka ni na tafi, a gaban motar nan. Da magariba muka isa, ba a bar ni na gan shi ba sai Laraba.

Ɗakin da aka sa shi na waɗanda ke kwance rai a hannun Allah ne. Ƙofar gilashi. Mutum ɗaya ke shiga, minti biyar, goma na safe da huɗu na yamma. Aka sa na cire takalmi, aka rufa mini koriyar riga. Na same shi da roba a baki, inji yana hura masa numfashi. Wani akwati a saman kansa yana kuka, ɗil, ɗil, ɗil.

Likitoci suna magana da Turanci a kaina. In sun yi magana, tsoro. In sun yi shiru, tsoro. A baranda kuwa, ko ƙofa aka buga sai in tsinci kaina a ƙasa. Na kasa cin abinci. Mu masu jinya kowa bakin nas yake kallo.

Wata nas mai kirki ta dafa ni ta ce, "Mama, yana iya jin ki. Ki kira sunansa. Muryar uwa suka fi ganewa."

Na buɗe baki. Na ce, "Kai."

"Sunansa, Mama."

Ta zaci firgita ce ta sa na manta. Ta karanta mini shi daga takardar da ke jikin gadon. Ni da aka yanka masa rago a ƙofar ɗakina.

Ba kunya kaɗai ba ce, Fatsuma, rubuta wannan da kyau. Tsoro ne. Ubanki ya san ni. In ya ji sunansa a bakina, zai gane abin ya kai maƙura. Zai ce tunda Inna ta kira ni, sallama take yi. Na ji tsoron kada in kira shi ya saki.

Sai na riƙa ba shi labarin gida. Na ce jaririya tana shan nono. Na ce karsanar nan tasa tana nan. Ƙarya na yi, ban san inda take ba. Laraba sau biyu, Alhamis sau biyu, ina cewa "kai".

Ranar Juma'a da safe na riƙe hannunsa. Ban taɓa riƙe shi ba tun da aka yaye shi. Yatsansa ya motsa a tafina. Nas ta ce, "Kin gani? Kira shi!" Akwatin yana ɗil, ɗil. Minti biyar suka cika.

Na fito na zauna a gindin dalbejiya. Na ƙudurta ƙarfe huɗu zan kira shi, ko me zai faru. Na yi ta juya sunan a bakina ba sauti, don ya saba.

Ƙarfe biyu da rabi, mutane suna dawowa daga masallaci, nas ta fito. Ba ta yafito ni daga ƙofa ba kamar kullum. Ta tako har inda nake, ta durƙusa.

Ba su sa ni cire takalmi ba. Akwatin ya yi shiru. An zare robar, bakinsa ya koma nasa. Na sunkuya daidai kunnensa na kira shi, da ƙarfi, har wanda ke gadon kusa ya buɗe ido.

Shigata biyar yana da rai, minti biyar-biyar. Shekara arba'in da uku muna gida ɗaya. Sau ɗaya na kira sunansa. Bai amsa ba.