Ƙasar gidanmu da jirgin Idi

"Tsoho, mene ne wannan kake kwancewa?"

Haka wani sojan da bai kai jikana ba ya daka mini tsawa, ina durƙushe ƙarƙashin fiffiken jirgi, a gidan da suke ajiye tsofaffin jiragen soja don mutane su kalla.

Ƙanena Idi makaniken jirgin soja ne. Irin wannan jirgin ne ya faɗi da su a hamada tun muna da ƙarfinmu. Can suka binne shi, ko mutum ɗaya daga garinmu Gaya bai zuba masa ƙasa ba. Da na ji an kafa hotonsa kusa da jirgin, sai na ɗebi ƙasar tsakar gidan babanmu a leda, na hau mota.

Na ce, "Yaro, ƙasar gidanmu ce. Ga mai ita can a bango."

Ya ce, "Baba, mun san irinku. Asiri za ka binne mana."

Asiri! Ni da furfurata! Ga samari suna ɗare tayar jirgin suna ɗaukar foto, bai ce musu uffan ba. Ya fizge ledar, ya jefa a kwandon shara.

Bai san ledar ta huje a aljihuna tun a mota ba. Na miƙe, na juye aljihun rigata a gaban hoton Idi, na karanta Fatiha, yana tsaye yana kallo.

Ku gaya mini, jama'a, tun yaushe ƙasar uban mutum ta zama shara?