Rachael da Takardar Mutuwar Ƙaninta

Duk ɗalibin Najeriya da ya zauna a Taman Melati ya san Anti Rachael, mai tuwon shinkafa da miyar taushe a hawa na tara. 'Yar Filato ce. Karatun jinya ya kawo ta Kuala Lumpur, tana shekara ta biyu aka kai wa ƙauyensu hari, aka ƙone gidansu, aka kashe ƙaninta Eli a gindin rumbu. Karatu ya tsaya cak. Ta shigar da takardar neman mafaka, aka ce ta jira kira. Shekara bakwai ke nan tana jira, tana tuƙa tuwo, ɗalibai na zuwa tapau, wato su saya a robobi su tafi da shi.

Wanda ya buga mata bayaninta da Turanci shi ne Gamaliel, mai kaɗa jita a cocinsu na Danau Kota. Kwana uku tana ba shi labarin tana kuka, yana bugawa. Har kwafin takardar asibiti ta mutuwar Eli ta ba shi. Daga baya ya samu hanya ya wuce wata ƙasa a Turai.

Mirabel, wadda ya yi wa alkawarin aure ya watsar, ita ta tsegunta mata. Ashe labarin Rachael ya kai wa ofishin neman mafaka na can a matsayin nasa. Wai shi ne yayan Eli, wai a gabansa aka yi.

"Har rumbun ya saka, Anti," in ji Mirabel.

Mutumin da aka haifa a tsakiyar Kaduna, wanda ko hanyar ƙauyen bai sani ba! Rachael ta ajiye muciya, ta zauna a ƙasa.

Shi Gamaliel a tunaninsa sai an shekara biyar ba a taɓa takardunsa ba, kafin nan ya yi aure ya kafu. Sai ƙasar ta sauya doka, aka koma yanke hukunci cikin 'yan watanni. Aka ƙi shi, aka ba shi kwana bakwai ya ɗaukaka ƙara da shaida. Ranar ya tuna da lambarta.

"Anti, don Allah ki rufa min asiri. Ainihin takardar asibitin nake so, ki kuma sa hannu cewa ni ɗan'uwanki ne."

"Gamaliel, kai da kamar ƙanina?" ta ce a tausashe. "Boleh lah, ba damuwa. Kar ka wahalar da kanka neman wata shaida, gobe zan aika."

Kwana na biyu ta ce ta aika. Na huɗu ta ce tana hanya. Ya yi ta godiya yana sa mata albarka. Ita kuwa ta zazzage tsofaffin hotunan ƙungiyar mawaƙa, har ta samo na ranar da aka kashe Eli: ga Gamaliel rungume da jita a Danau Kota, yana washe baki, kwanan wata ɓaro-ɓaro a allon bayansa. Wannan ta aika wa ofishin, da wasiƙa da hannunta.

Kwana na bakwai ya kira.

"Anti, ba ta iso ba, ƙarfe huɗu ake rufewa!"

"Ba za ta iso ba. Tana cikin akwatina."

"Anti..."

"Ka sayar da jinin ƙanina, ka zaci ba mai ji. Ranar da suka saka ka a jirgi, ka ba su labarin naka ƙanin."

Ta kashe wayar.

Kafin wata biyu aka sauke shi a Legas. Faston cocinsu ya hawo har hawa na tara ya yi mata wa'azin gafara, ta saurara da ladabi, ta ba shi ruwa. Da ya tashi tafiya ta ce, "Fasto, a ci gaba da yi min addu'a. Amma gaskiya, ban ji ko ɗigon nadama ba."