Teburin Bahago

Shekara arba'in Baba Kafinta ya yi a sashen aikin katako na jami'a. Ba malami ba ne, bai taɓa tsayawa gaban allo ba. Shi ke buɗe ɗakin aiki da safe, ya wasa zarto, ya nuna wa ɗalibi yadda zai buga ƙusa ba tare da ya fasa yatsansa ba. Shugabannin sashe shida sun zo sun tafi a kan idonsa, biyu daga cikinsu da shi aka raka su makabarta.

Ranar da aka buɗe sashen, rumfar kwano ce kawai da ɗalibai tara. Ma'aikata biyu ne, shi da wani da ake kira Dogo. Su suka tsaga katako da babban zarton nan mai mariƙi biyu, wannan ya ja, wancan ya ja, har suka haɗa teburan aiki goma sha biyu. Shekara ashirin suna cin abinci a kwano ɗaya. Da Dogo ya rasu, Baba ya rataye zarton a bango, don mutum ɗaya ba ya iya aiki da shi.

Yanzu an gina sabon gini, an zuba injuna masu yanka katako da umarnin kwamfuta. Ɗalibai kan leƙo su ce "Sannu, Baba," kafin ya amsa sun wuce. Matarsa ta riga shi tafiya, 'yarsa tana aure a nesa, sai waya ranar hutu. Da rana yakan ɗora kwanonsa a kan tebur na goma sha biyu, can a kusurwa, ya ci shi kaɗai.

Wata safiya Dakta, sabuwar shugabar sashen, ta shigo da takardu a hannu.

"Baba, tarihin sashe nake rubutawa, na cikar shekara arba'in. Zauna in karanta maka, inda na yi ƙarya ka kama ni."

"Ni in kama Dakta? To, Allah ya sa in iya."

Ta karanta sunayen shugabanni, da shekarar da aka sa wuta, da shekarar da ɗaliba mace ta fara shigowa. Yana ta gyaɗa kai. Babu Dogo a ciki ko sau ɗaya. Sai ta zo kan teburan: sha ɗaya za a gyara su a ci gaba da aiki da su, na sha biyun kuwa an yi kuskure wajen haɗa shi, za a fitar da shi.

"Wane kuskure, 'yata?"

"Haba Baba. Bais ɗinsa fa a dama yake, na sauran duk a hagu. Tun muna ɗalibai Baibai muke ce masa. Wanda ya makara shi ake turawa can, hukunci ke nan."

Bais shi ne ƙarfen da ke matse katako a bakin tebur. Baba ya ɗauko guntun katako da magogi, abin fere katako, ya ɗaure katakon a tebur na farko.

"Goge min shi. Amma da hagu."

Ta yi dariya, ta naɗe gyalenta, ta gwada. Magogin ya yi ta tuntuɓe, gwiwar hannunta tana karo da cikinta, ta rasa inda za ta sa ƙafa.

"Baba, kashe ni za ka yi?"

Ya kwance katakon ya kai shi teburin kusurwa. Ta sake turawa da hagun. Magogin ya tafi sumul, ɓawon katako ya fito a nannaɗe ya faɗi kan takalminta. Ta tsaya tana kallonsa.

"Dogo bahago ne," in ji Baba. "Sha ɗaya muka yi wa ɗalibai. Wannan shi ya haɗa wa kansa, ya ce in wani bahagon yaro ya zo, kada ya sha wuyar da shi ya sha. Bayan ransa ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban iya tsoma baki ba."

Dakta ta cire murfin biro. "Mene ne cikakken sunansa?"

Baba ya san hannun Dogo, ya san tarinsa tun daga bakin ƙofa, ya san ba ya shan shayi da zafi. Amma sunan yanka, bai taɓa tambaya ba. Aka duba ofis, aka ce ma'aikacin wucin gadi ne, fayil ɗinsa ya ɓata tun ƙaurar da aka yi daga rumfar kwano.

Littafin ya fito. A shafi na huɗu akwai layi guda: "Tebur na goma sha biyu, aikin Dogo, bahagon kafinta." Baba ya sa an karanta masa sau biyu, ya ce ya isa haka.

Ba a jefar da teburin ba. Mutum shida suka ɗauke shi, aka kai shi zauren sabon gini, aka shafa masa mai, aka kewaye shi da jar igiya don kada a taɓa.

Da rana ta yi, Baba ya ɗauki kwanonsa ya nufi kusurwa kamar kullum. Ba komai sai sawun ƙafafu huɗu a kan siminti. Ya ɗan tsaya. Sannan ya jawo kujera ƙarƙashin zarton nan, ya ɗora kwanon a cinyarsa, ya yi bismilla.