Koren Ruwa a Rijiyar Kawu

Kawuna na Utai yana ji da rijiyarsa. Ya yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo, kuma ba a zura guga sai nasa. Da na ce masa ƙazantar kududdufin bayan gida na iya bin tsagar dutse ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwan, dariya ya yi.

"Ke dai boko ya ruɗa ki. Ai ƙasa tace ruwa take yi."

Abin ya ba ni haushi. Lokacin ina karatun ruwan ƙasa a jami'a a Wudil, sai na roƙo koren rini marar cutarwa wurin malamarmu, na juye a kududdufin a gabansa.

Kwana uku ina jan guga, ruwa garau. Rana ta huɗu da hantsi ya fito kore shar! Na daka tsalle, na rangaɗa guɗa, ina ihu, "Kawu, fito ka gani!"

Ya daɗe yana kallon gugan, mukulli a hannunsa. Nan na tuna ruwan nan nake sha tun ina yarinya.

"To 'yar nan," ya ce, "tsagar ƙasan kuma wane kwaɗo ake sa mata?"